Taƙaitawa: sassaucin da aka yi wa gidajen abinci da mashaya a Ingila bayan kullen korona

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da mutane suka yi kan amfani da illar wannan sassauci:

1. Yawanci sun yarda cewa rage harajin VAT daga kashi 20 zuwa 5 a Yulin 2020 ya fi komai amfani, duk da masu mashaya sun koka cewa ragin bai shafi giya ba.

2. An yaba lasisin jera tebura a gefen titi. Amma makafi da masu keken guragu sun ce kujeru sun tare hanya, sai mutum ya sauka kan kwalta. Ni dai ina bayansu, a bar musu wurin wucewa.

3. An rabu kan rangwamen rabin kuɗin abinci na Agusta, har fam 10: wasu sun ce ya ceci ayyuka, wasu sun ce cunkoson ya yaɗa cutar.