Daga ina ake kamo tarihin gidan namun daji na ƙaramin gari?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum jama'a. Wanda zai rubuta tarihin gidan namun daji na ƙaramin gari, alhali takardu sun watse, daga ina zai fara? Kuma me ya sa irin waɗannan gidaje suke saurin durƙushewa?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Malam, ka da ka dogara da shekarar da ke jikin allon ƙofa, sau da yawa ta bikin buɗewa ce. Yawancinsu da kyauta suke farawa: wani ya kawo barewa, wani ya kawo birin da ya gagare shi, a kafa keji a lambun gari. Nemi rajistar dabbobi, inda ake rubuta ranar shigowa, asalin dabba, haihuwa da mutuwa. In ta ɓata, koma kan kasafin kuɗin hukumar garin. Shekarar da kuɗin nama ya fara bayyana, a nan masu cin nama suka iso.

Magini: Gini ma shaida ne. Ƙaramin keji mai sandunan ƙarfe da daɓen siminti tsohon salo ne, an yi shi don sauƙin wanki, ba don jin daɗin dabba ba. Fili mai rami kewaye, babu sanduna, salon Carl Hagenbeck ne, wani Bajamushe mai cinikin namun daji, wanda ya buɗe nasa gidan kusa da Hamburg ta Jamus a 1907. Sai dai a yi hattara, ƙananan garuruwa sukan makara wajen kwaikwayo da shekaru masu yawa.

Likitan Dabbobi: Batun durƙushewa kuwa, ciki ne. Babban zaki na cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana, kuma yana iya kai shekara 20 a tsare. Wanda ya bayar da shi kyauta ya tafi, cefane ya rage wa hukuma. Da kuɗi ya ja baya sai a koma ba da tsoka zalla, babu ƙashi. Tsoka ba ta da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, sai ka ga 'ya'yan zaki ƙafafu sun lanƙwashe, ƙashi na karyewa da ɗan tsalle. Haka ya faru a gidan namun daji na Landan a shekarun 1880, har wani likita, John Bland-Sutton, ya sa aka ƙara musu garin ƙashi da man hantar kifi, suka miƙe. Birai kuma tarin fuka suke ɗauka daga 'yan kallo. In ka ga sun mutu a jere cikin rajista, duba ko akwai gilashi tsakaninsu da mutane a lokacin.