Jakin jita yana ta ɗagowa, wane gam zan sa?

Salam 'yan uwa masu gyaran jita, don Allah a taimaka. Akwai wata da aka kawo min shago, jakin da ke riƙe tsirkiya ya ɗago ta baya har kati yana shigewa ƙarƙashi. Na kankare tsohon gam tas, na sa farin gam na kafintoci na ɗaure ta kwana, amma da na ja tsirkiyoyin ƙarfen nan guda 6 sai ya sake ɗagowa, ga hunturun nan ya busar da katakon fuskar har ya fara tsagewa. Ni dai bana son sufa gulu, gyaran gaba zai zama wahala. Gam ɗin ne matsalar ko fentin da ke ƙarƙashin jakin? Mai ita kullum sai ya kira wallahi.