Nawa ake sare bishiyar kwakwar manja a Kumasi?

Maman 'yan biyu, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwakwar da marigayi babanmu ya dasa a bayan gida ta karkato kan katanga, in an yi iska ganyenta na gogar kwanon ɗakin yara, barci ba ya ɗaukata. Wani mai injin yanka ya ce sidi 900. Bai yi yawa ba?

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambaye shi ko har da tone kututture da kwashe shara. Inda wuri ya matse sai an hau an riƙa yanko ta gunduwa-gunduwa da igiya, shi ke sa tsada. Ni kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, daban na biya, sawu uku.

Kawu Sabon Zango: 'Yata, masu tatsar bammi za su zo su ce za su kayar kyauta, har su ba ki kuɗi. Kada ki yarda, giya za su yi. Kututturen kuwa ba ya sake toho, ki bar shi ya ruɓe.

Maman 'yan biyu: Kawu, wallahi jiya ɗaya ya zo! Na gode, Allah ya saka.