Magena mai ciwon suga ta ƙi abinci, likita yana zargin kumburin fankiriyas

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Magena tana da ciwon suga tun bara, ina yi mata allurar insulin safe da yamma, kuma da ta murmure sosai. To tun shekaranjiya ta ƙi abinci, ko kifin Binuwai da take so sai ta shinshina ta kau da kai. Ta lafe a ƙarƙashin gado, sugan kuma in ya hau da safe sai ya faɗi da yamma. Likitan dabbobi ya ce yana zargin kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Amma ba ta amai, ya matsa cikinta ma ba ta yi kuka ba. Yaya ake tabbatar da ciwon? Kuma allurar fa, in ci gaba ko in dakata? Wallahi hankalina a tashe yake.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Rashin amai ba ya kore zargin likitanki. Kare ne ke yawan amai da murɗawar ciki in wannan ciwo ya kama shi. Mage kuwa ɓoye ciwo take yi, abin da za ki gani kawai ƙin abinci, kasala, rama da bushewar jiki. Kuma ciwukan biyu suna yawan haɗuwa tunda gaɓa ɗaya suka shafa, kumburin shi ke sa suga ya ƙi daidaita ko da ba ki canza komai a allura ba.

Batun gwaji: awon amilas da lifas (sinadaran narkar da abinci da ake aunawa a jini) da ake yi a ɗakin gwajin mutane ba ya raba gardama a mage, kada ki kashe kuɗinki a kansa. Wanda aka yi don ita shi ne fPL, gwajin jini mai auna lifas ɗin fankiriyas na mage, akwai na gaggawa mai suna SNAP fPL da ake karantawa nan take, akwai Spec fPL da ake aikawa ɗakin gwaji. In na gaggawan ya fito lafiya, da wuya ciwon ya zama mai tsanani. In ya nuna matsala, sai a haɗa da ekografi, wato ɗaukar hoton cikin ciki da na'ura, domin gwajin kaɗai bai isa ba. Ekografin ma yana son gogaggen hannu, fankiriyas ɗin mage siriri ne, yana iya fitowa kamar lafiyayye alhali akwai kumburi.

Amma abin da ya fi damuna yau shi ne kiton, sinadarin da jiki ke samarwa in yana ƙona kitse. Mage mai suga in ta daina ci, jiki yakan koma ƙona kitse, kiton ya taru a jini, kuma yana kisa da sauri. Ki sayi tsinken gwajin fitsari mai nuna kiton a farmasi, ki tsoma a fitsarinta. In ya nuna, ki kai ta a sa mata ƙarin ruwa a yau ɗin nan. Allura kuma kada ki yanke gaba ɗaya, kada ki ba da cikakkiya a kan cikin da ba komai. Ki auna sugan, ki kira likitan ya faɗa miki adadin da za ki rage.

Hajiya, Gaundare:
'Yar uwa, sannu. Ni dai ki duba insulin ɗin kansa. Da zafin Garwa da ɗauke wuta, in firji ya daɗe a kashe ƙarfinsa na raguwa, sai ki ga suga na hawa ki ɗauka wani ciwo ne. Sannan don Allah ko kusa kada wani a gida ya ba ta farasitamol saboda tausayi, guba ne ga mage. In kuma kika ga tana tangaɗi ko karkarwa bayan allura, ki shafa mata zuma a dasashi ki garzaya wurin likita.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Gaundare:
Ƙari a kan bayanin Malam: a mage, bututun fankiriyas da na matsarmama suna haɗuwa kafin su shiga hanji, shi ya sa kumburin kan taɓa hanta da hanji a lokaci guda. A roƙi likita ya auna hanta da ƙoda. Kuma ba sai an jira sakamako ba kafin a fara ƙarin ruwa, maganin tashin zuciya da na raɗaɗi. Kada a bar ta da yunwa, 'yan kwanaki ba ci kitse kan cushe hantar mage, musamman mai ƙiba.

Mai tambaya, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada fitsarin, kiton ya ɗan nuna, yanzu haka muna wurin likita an sa mata ruwa, ya kuma ce in sayo sabon insulin. Shi ba shi da SNAP ɗin. Malam na Marwa, in an ɗebi jinin za a aika wani gari, yaya za a adana shi kada ya lalace a hanya?