Ƙanena a Kanada kullum da ciwon kai yake tashi, mi ke kawo haka?

'Yar Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na karatu a Monreyal, tun da sanyi ya kama in mun yi waya sai ya ce ya tashi da ciwon kai da kasala kamar bai yi kwana ba, gilashin tagarshi kuma ruwa ke zuba ta ciki, bangon bayan gado har ya fara baƙi. Su biyu ne a ɗakin, ƙofa rufe taga rufe, shofaj, wato na'urar ɗumama ɗaki, na aiki dare da rana. Inna duk hankalinta ya tashi. Don Allah wanda ya san zaman can ya taimaka.

Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam yaya. Na yi shekaru a Faransa, nima haka ta same ni farkon zuwa. Gidajensu an toshe ko'ina don kada zafi ya fita, ba irin ɗakunanmu ba da iska ke shiga ta ƙasan ƙofa da saman tol, to numfashin mutum biyu dare guda nan yake taruwa, iskar da muke fitarwa da numfashi (CO2), in an auna ta a waje wajen 420 take a ma'auni amma ɗaki rufe kafin asuba tana iya wuce 2000, shi ne nauyin kan. Ruwan gilashi ma numfashinsu ne da tururin girki da wanka, shi ke kawo baƙin nan, funfuna ce kuma tana tada asma. Ya buɗe taga wangale minti 5 zuwa 10 kafin kwanciya da kuma safe, ya fi a bar ta ɗan buɗe yini guda bango ya yi sanyi. Ya janye gadon daga bango, ya daina shanya a ɗaki. Sannan ya duba ko gidan na da injin musanya iska, mutanenmu da yawa toshe ramin suke da tsumma wai sanyi na shigowa, ni kaina na yi.

Malamar asibiti:
Ƙanwata kada ku tsaya nan. In da gaz suke ɗumama gidan ya tabbata akwai na'ura mai ƙara in iskar guba ta taru, wannan ba ta wari ba ta launi. In abokin ɗakin nashi ma na ciwon kai ko jiri ko amai, su fita waje take su kira agaji. Irinta ce ta gawayi, nan Maradi lokacin ɗari ana shiga da furno ɗaki a ja ƙofa don jego ko tsofaffi, wallahi abin na bani tsoro duk Disamba da Janairu.

'Yar Bagalam:
Subhanallahi, Inna ma da garwashi take kwana kwanakin nan. Bari in leƙa ta tukun, shi sai la'asar in ya fito aji zan kira shi. Na gode Allah ya saka.