Neman gidan haya a Ingila ga wanda bashi ya karya: wanne ake fara yi, wa kuma za a tambaya?

Ɗan Fagge a Bradford:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar Ingila. Bashin da ke kaina ya kai fam 31,000, na katin banki biyu da wani rance da na ci don sana'ar da ta durƙushe. Yanzu albashi kaɗai nake da shi, maiɗakina ma tana aiki, yaranmu 2. Haya ban taɓa tsallakewa ba, amma mai gidan ya ba mu takardar tashi, wai zai sayar. Ina shirin neman a ayyana ni a matsayin wanda ya karye. To, gida zan fara kamawa ko maganar bashin zan fara gamawa? Dole ne in faɗa wa sabon mai gida? Ina da fuloti a Kano da zubin adashi a nan, su ma za a taɓa su? Kuma tun da na cika wani fom a intanet ake ta bugo mini waya, kowa na cewa zai sa a yafe mini bashin. Wa zan yarda da shi?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam. Allah ya yaye, ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ta fi gaggawa.

Masu kiran nan yawancinsu dillalai ne, sunanka suke sayar wa kamfanonin da ke shirya yarjejeniyar da ake kira IVA, ta biyan wani abu duk wata har shekara 5 ko 6. Ladansu daga cikin zubinka yake fitowa, shi ya sa ko me ka gaya musu amsarsu ɗaya ce. IVA tana da ranarta, musamman ga mai gidan kansa da ba ya son a sayar. Ɗan haya kamarka sau da yawa ba ita ce ta dace da shi ba, kuma in zubin ya gagara a tsakiya ta rushe, masu bin bashi su dawo kanka. Shawarar da ba a biyan ko kwabo tana wajen StepChange, National Debtline da Citizens Advice, maganar gida kuma wajen Shelter. Ka rubuta adireshinsu da hannunka, don akwai masu sa sunan da ya yi kama da nasu a saman sakamakon bincike. Duk wanda ya ce yana ba da shawarar bashi, ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin harkar kuɗi.

In ka same su, ka fara tambayar shirin nan na sararawa, Breathing Space. Kwana 60 ne ake tsayar da kuɗin ruwa da tara, masu bin bashi ba su da damar matsa maka ko kai ka kotu a kan bashin da aka sa ciki. Sai ta hannun mai ba da shawara ake shiga, sau ɗaya a wata 12, kuma rajistarsa ba ta jama'a ba ce, mai gida ba zai gani ba. Haya dai za ka ci gaba da biya.

Sannan su duba maka DRO, wato umarnin sauke wa mai ƙaramin ƙarfi bashi, kafin a je ga karaya gaba ɗaya. Tun 2024 kyauta ce, ta wanda bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, abin da ke rage masa a wata bayan buƙatun dole bai wuce fam 75 ba, kadararsa ba ta wuce fam 2,000 ba, ban da mota da ba ta haura fam 4,000 ba. Fulotin nan ne zai iya rufe maka wannan ƙofa, domin kadara ko a ina take a duniya ana lissafa ta.

Ita karayar, ta intanet ake nema, kuɗinta fam 680, ana iya biya kaɗan-kaɗan amma ba za a duba takardarka ba sai ka cika. Ana yanke hukunci cikin kwana 28, daga nan jami'in da ake kira Official Receiver ya karɓi ragamar dukiyarka. Galibi bayan wata 12 ake sallamar mutum, amma tabon yana shekara 6 a tarihin bashinka, kuma in albashinka yana da rara za a iya sa ka riƙa biyan wani abu har shekara 3. Wannan duk na Ingila da Wales ne, Scotland tsarinta daban.

Maman Khalifa:

Malam ya yi maganar bashi, ni ta haya zan yi. Amsar tambayarka ta farko: in da hali, gida tukuna.

Dalili shi ne abin da dillalin gidaje yake iya gani. Binciken da kamfanonin tantance 'yan haya ke yi galibi ba ya nuna cewa ka makara wajen biyan kati. Abin da ke fitowa shi ne bayanan da ke buɗe ga kowa: hukuncin kotu kan bashi, wato CCJ, da karaya, da IVA, da DRO. Yau, in babu wanda ya kai ka kotu, takardarka na iya fitowa fes. Ranar da aka ayyana ka kuwa sunanka da adireshinka sun hau rajistar gwamnati da kowa zai iya bincika kyauta, ba a cirewa sai wata 3 bayan sallama. Saboda haka kwana 60 ɗin nan da Malam ya faɗa, a cikinsu ake neman gida. Ka nemi rahoton tarihin bashinka daga kamfanonin Experian, Equifax da TransUnion, duka ukun, kyauta ne. Mutane da yawa suna da CCJ da aka aika tsohon adireshi ba su sani ba sai a ofishin dillali.

Lissafin da dillalai suka saba yi: abin da ke shigo muku a shekara ya kai hayar wata sau 30. Gidan fam 900 a wata ke nan yana son fam 27,000, kuma ana haɗa naka da na maiɗakinka. In sun ce a kawo mai tsaya maka, shi sau 36 ake nema, fam 32,400, kuma ya zama mazaunin ƙasar. Ka gaya masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu, domin ranar da ka kasa biya shi za a bi, karayarka ba ta wanke shi.

Kuɗin da doka ta yarda a karɓa tun 2019: kafin alƙalami bai wuce hayar sati 1 ba, kuɗin ajiya bai wuce ta sati 5 ba. A gidan fam 900, wajen fam 207 da fam 1,038 ke nan. Na ajiyar dole a sa shi cikin ɗaya daga cikin asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, a ba ka shaida. Kuɗin duba gida ko na cika fom haramun ne.

Ta biyu, faɗa wa mai gida. Abin da ba a tambaye ka ba, ba dole ka buɗe cikinka ba. Abin da fom ya tambaya kuwa ka amsa daidai. Wanda ya rubuta ƙarya aka gano, kafin alƙalaminsa ya tafi, kuma ƙaryar na iya zama hujjar da za a tashe shi daga baya. Ka karanta yarjejeniyar layi-layi, wasu suna ɗauke da sharaɗin cewa in ɗan haya ya karye mai gida na iya neman gidansa. Sharaɗin shi kaɗai ba ya fitar da kai, sai an bi ta kotu, amma gara ka san da shi kafin ka sa hannu.

Masu gidan da ke ba da haya da kansu, irin waɗanda ake samu a shafin intanet na OpenRent, sun fi manyan dillalai sauraron mutum. Ka je da takardar albashi ta wata 3, da bayanan asusun banki da ke nuna haya tana fita ranarta duk wata, da wasiƙar shaida daga mai gidanka na yanzu. Tunda sayarwa zai yi, yana son ku tashi lafiya, zai rubuta. Wannan wasiƙar ta fi duk wata magana da za ka yi da baki.

Bakatsine na Leeds:

Ƙari kan na Maman Khalifa: kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka shiga gidan ka gani da idonka. Da fam 7 za ka ciro sunan mai gida daga hukumar rajistar filaye ta ƙasar, ka gwada da sunan da ke kan asusun da aka ce ka biya. Wanda ke cikin matsi shi 'yan damfara ke nema, gida mai kyau a farashi mai sauƙi, "ba ma binciken bashi", mai gidan kuma wai yana ƙasar waje.

Wata hanya da aka saba, ka yi tayin biyan wata 6 a dunƙule, yana rufe bakin dillali. In ba ta yiwu ba, wani ɗan'uwa mai takarda mai kyau ya kama gidan da sunansa ku zauna.

Malam Mai Lissafi:

Ta farkon daidai ce, Bakatsine, amma biyun ƙarshe kada ya bi.

Biyan wata 6 tsohuwar hanya ce. Dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025, wadda manyan sassanta ke aiki daga 1 ga Mayu 2026, ta taƙaita kuɗin gaba zuwa wata 1. Ko babu ita ma, wanda ya kwashe dubban fam ya ba mai gida ana gobe zai ce ba shi da ko sisi, sai ya yi bayani. Mafi muni shi ne ya ciro kuɗin daga kati alhali ya san ba zai biya ba. Irin wannan ne ke sa a tsawaita wa mutum takunkumin karaya daga shekara 2 har 15. Kuɗin ajiya da na motar kwashe kaya su fito daga albashi ko gudummawar 'yan'uwa, a adana rasit.

Kama gida da sunan wani kuwa, wanda ke ciki ba shi da takardar da za ta kare shi, ranar da mai gida ya gano duka biyun sun shiga uku. In gidan ƙaramar hukuma ne aka ba ka a ɓoye, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Sai fuloti da adashi. Fulotin ka rubuta shi a fom. Kada ka mayar da shi sunan ƙaninka ko na maiɗakinka yanzu: kyauta ko sayarwa a wulaƙance ana iya bin sawunta har shekara 5 baya, kuma takardun bankinka za su nuna lokacin da ka tura kuɗin sayensa. Hanyar da ke da tsabta ita ce wani a dangi ya saye shi a farashinsa na gaskiya, kuɗin ya shiga hannun jami'in. Adashi ya danganta da inda kwasa ta tsaya. In kana zubi ba ka kwasa ba, abin da ka zuba dukiyarka ce, za a lissafa. In ka riga ka kwasa saura zubi, 'yan adashin sun zama masu bin ka bashi, sunansu zai shiga jerin kamar na banki. Nan ne mutanenmu ke faɗawa, don kunya sai mutum ya lallaɓa ya biya uwar adashi da surukinsa ya bar banki. Doka tana kallon wannan a matsayin fifita wani, kuma in dangi ne ana duba har shekara 2 baya, a ce su dawo da kuɗin. Wanda ka so ka rufa wa asiri shi ka jawo wa wasiƙa. Tsarin ma ba baƙo ba ne a wajenmu, a fiƙihu babin taflisi haka yake, alƙali ya hana mutum taɓa dukiyarsa a raba wa masu bin sa gwargwadon abin da kowa ke bi.

Kuɗin da kake aika wa iyaye duk wata, ka faɗe shi tun farko, ba lallai jami'in ya karɓe shi cikin buƙatun dole ba.

Yaya Asabe:

Ba wanda ya taɓo takardar tashin. Ƙanena, takarda ba ita ce tashi ba. Mai gida ba shi da ikon fitar da ku ko canza makulli sai da umarnin kotu da ma'aikatanta. Ka ɗauki hotonta ka nuna wa Shelter, don yawan kwanakin da dalilin da aka rubuta duk suna da ƙa'ida, kuskure ɗaya na iya ɓata ta.

Ka kuma sanar da sashen gidaje na ƙaramar hukuma. Duk wanda zai iya rasa matsuguni cikin kwana 56, dokar 2017 ta ɗora musu taimaka masa tun kafin ya fita, kuma da yawansu suna da shirin tsaya wa mutum kan kuɗin ajiya. Kada ka miƙa makulli kafin ka yi magana da su, kada kuma ka daina biyan haya don ka biya kati. Haya ce gaba da kowane bashi. Wanda ya bar haya ta taru, ko an sa ta cikin karaya mai gida na iya tashinsa a kanta, hukuma kuma ta ce shi ya jawo wa kansa.

Sai dai ka duba bizarka. In an rubuta ba ka da damar cin tallafin gwamnati, wannan taimakon ba zai same ka ba, sai ta sashen kula da yara, wanda ke da hurumin taimaka wa iyali mai ƙananan yara. In kuma kana da niyyar neman zama ɗan ƙasa, ana duba yadda mutum ya tafiyar da bashinsa, ka tambayi lauyan shige da fice mai rajista kafin ka tura fom.

Ɗan Fagge a Bradford:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Saura ɗaya: asusun da albashina ke shiga da wanda haya ke fita duk a bankin da ke bina ne, kuma na haɗin gwiwa ne da maiɗakina.

Maman Khalifa:

To wannan ka gyara shi satin nan. Bankin da ke bin ka yana iya cire bashinsa kai tsaye daga abin da ya shigo, kuma ranar da aka ayyana ka galibi ana daskarar da asusu, har na haɗin gwiwa. Ita ta buɗe nata ita kaɗai. Kai ka buɗe asusu mai sauƙi, irin wanda ba a cin bashi a kansa, a bankin da ba ya bin ka ko kwabo, ka tambaye su ko suna barin wanda ya karye ya riƙe shi, don ba duka ke bari ba. Ka mayar da albashi can, hayar kuma ta riƙa fita daga nata. Ranar tura fom ɗin ka zaɓe ta bayan haya ta fita an yi cefanen wata. In akwai rancen da kuka sa wa hannu tare, ka gaya wa mai ba ka shawara tun a kiran farko, domin in an sallame ka ita za a bi da dukansa, ba rabi ba.