Shawara kan tuƙa kwale-kwale a Big River, Mendosino

Baban Ummi: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirin kai iyalina Mendosino a arewacin Kalifoniya, domin mu shiga kwale-kwale a Big River, inda kogin ya ratsa dajin itatuwan redwud kafin ya faɗa tekun Fasifik. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini da shawara.

Malam Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Kafin ka tsayar da rana, ka duba jadawalin cikar teku na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, domin ruwan teku yana hawa cikin wannan kogi har kusan mil 8, yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. Ka tashi lokacin da ruwa ke shigowa ya kai ka ciki, ka juyo idan ya fara janyewa. Ni na yi akasin haka, na sha wahalar filafili, kuma a wata kwana kwale-kwalen ya kafe a laka.

Maman Sadiq: Gaskiya ne, Malam, amma ka manta da iska. Da la'asar takan taso daga teku ta bi kogin, saboda haka mai dawowa zai yi karo da ita ko da ruwa yana tare da shi. Fitar safe ta fi, duk da hazo da sanyi. Tun da akwai yara, Alhaji, ka nemi kwale-kwalen katakon redwud mai madogari a gefe, irin wanda kamfanin Catch-a-Canoe ke bayarwa haya kusa da gadar babbar hanyar Highway 1, domin da wuya ya kife. Kowa ya sa rigar hana nutsewa, ruwan yana da sanyi ko da rani.

Baban Ummi: Na gode, Hajiya. Za mu ga manyan itatuwan nan masu tsufa?

Malam Mai Hoto: Yawancinsu sabon tashi ne, domin tun 1852 aka fara sarar katako a yankin, sai a 2002 aka sayi fiye da eka 7,000 aka mayar gandun jiha. Duk da haka tsayinsu zai sa ka ɗaga kai har wuya ya gaji. Ku rage surutu bayan kwanar farko, a nan muka ga zalɓe da karnukan ruwa.